AMSOSHIN WASIƘUNKU: YADDA TURKAWA KE YIN BOREK A GIDA

A yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo. Ta fito ne daga hannun wata uwargida a ƙasar Kura ta Jihar Kano. Ta ce maigidanta manomin rani ne, yana noma alkama, ita kuma takan soya sambusa ta sayarwa idan azumi ya kama. Ƙanenta da ke zuwa sarin kaya birnin Istanbul ya ba ta labarin wani abincin Turkawa mai suna borek, ya ce ɗan uwan sambusa ne amma hawa-hawa ake yin sa. Ta gwada har sau biyu bisa kwatancensa, kwaɓin yana yagewa, ta yi asarar fulawa mudu biyu. Tambayarta ita ce: mene ne wannan abinci, yaya ake yin sa, zai yiwu da alkamar gida ba tare da obin ba, kuma ko za a samu riba a cikinsa?

To madalla, uwargida, mun gode da wannan wasiƙa taki, Allah Ya mayar miki da alheri kan fulawar da ta salwanta.

Da farko dai, borek sunan dangin abinci ne, ba abu guda ba. Abin da ya haɗa su shi ne ana murza kwaɓin alkama ya yi siriri ƙwarai, falle-falle, a sa nama ko cuku ko ganye ko dankalin Turawa a tsakani, sa'an nan a gasa ko a soya. Shi wannan fallen Turkawa na kiransa yufka, kuma tsohon abu ne a wurinsu, domin kalmar ta zo a cikin ƙamus ɗin harshen Turkanci da malam Mahmud al-Kashgari ya rubuta tsakanin shekarar 1072 da 1074. Da Daular Usmaniyya ta yi ƙarfi, ta ci birnin Istanbul a 1453, wato Santambul a bakin kakanninmu, sai abincin ya bi sawun mulkinta. Shi ya sa za ki tarar da burek a Bosniya da Sabiya, da birik a Tunisiya, da burak a Aljeriya, inda ba a cika shimfiɗa kayan buɗa baki babu shi ba. Ba abin mamaki ba ne kuwa Turkawa su ƙware a sarrafa alkama. Masana sun nuna cewa a kudu maso gabashin ƙasarsu, kusa da dutsen Karajadag, aka fara noma ɗaya daga cikin tsofaffin irin alkama, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma ƙasar takan noma wajen tan miliyan 20 a shekara. A shekarar 2016 ma hukumar UNESCO ta sanya al'adar yin yufka da ire-irenta cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Yanzu bari mu je ga inda gizo ke saƙa, wato kwaɓin. Uwargida, ba mu ga yadda kika yi ba, amma muna iya cewa kusan tabbas kin kwaɓa ne kika hau murzawa nan take. Ni kaina haka ta faru da ni ranar da na fara gwadawa: ina murzawa yana tsukewa kamar roba, da na matsa masa sai ya ɓarke a tsakiya. Dalili kuwa shi ne, a cikin garin alkama akwai wani danƙo wanda ke tashi idan ruwa ya taɓa shi aka cuɗa. Shi ne ke sa falle ya miƙe bai tsinke ba. To amma da an gama cuɗawa danƙon nan a ɗaure yake, sai an bar shi ya huta kafin ya saki jiki. Wannan danƙo kuma babu shi a dawa, babu a gero, babu a masara, saboda haka masu tunanin rage tsada ta hanyar haɗawa da garin masara su haƙura, falle ba zai fita ba.

Ga ma'auni. Ki sami fulawa rabin kilo, kamar cikin gwangwanin madara 5 da rabi ke nan. Ki sa gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, man gyaɗa babban cokali 1, da ruwan lemun tsami babban cokali 1. Ruwa mai ɗumi kuma ya ɗan gaza gwangwani 2, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, don wata fulawar ta fi wata sha. Ki cuɗa sosai na minti 10, ba wasa. Matan Turkiyya suna da ma'aunin da ba ya ɓata: su kan ce kwaɓi ya yi laushin fatar kunne, wato wurin da ake huda ɗan kunne. Ki taɓa kunnenki, ki taɓa kwaɓin, in sun yi daidai to ya yi. Sai ki rufe da ƙyalle mai tsabta mai danshi, ki tafi harkarki har rabin awa. Ki dawo ki raba shi curi 10, ki mulmula, ki sake rufewa minti 20. Wannan hutu na biyu kada ki raina shi. In kuwa lokacin hunturu ne, ko ɗan lokaci kaɗan kada ki bar curin a buɗe, iska za ta busar masa da fata, kuma busasshiyar fata ita ce mafarin yagewa.

Game da alkamar maigida, za ta yi, har ma ta fi ƙanshi. A ƙauyukan Turkiyya da garin alkamar gonarsu suke yi. Sai dai a wanke ta, a shanya ta bushe ƙayau, a ce wa mai inji ya niƙa da laushi, ke kuma ki tankaɗe da rariya mai laushi har sau biyu. Dusar da ta rage a cikin gari tana yanka danƙon nan kamar wuƙa. A karon farko muna ba ki shawara ki haɗa rabi garin gida rabi fulawar kanti, har hannunki ya faɗa.

Sandar da suke murzawa da ita sunanta oklava. Doguwa ce, ta kusa mita guda, kaurinta bai wuce babban yatsa ba, kuma santsi gare ta daga farko har ƙarshe. Kowane kafinta zai fiƙe miki irinta. Kwalba ma tana yi, illa dai fallen ba zai yi faɗi ba. Ki barbaɗa gari a kan tebur ko babban tire, in da hali ki gauraya garin da ɗan sitaci don kada ya manne. Ki fara baje curin ya kai faɗin tafin hannu biyu. Daga nan sai dabarar: ki naɗe fallen a jikin sandar, ki riƙa mirginawa gaba da baya, tafukanki suna zamewa daga tsakiya zuwa gefe, ki warware, ki ɗan juya shi, ki barbaɗa gari, ki sake naɗewa. Haka za ki yi ta yi har ya kai faɗin faifai, ya yi siririn da in kika ɗora a hannu za ki ga inuwar yatsunki. Na farko da na biyu za su fito a karkace, kada ki damu. Wanda ya huje ma kada ki yar, a tsakiya za a ɓoye shi, babu mai gani.

Kowane falle kika gama, ki ɗora shi a kan busasshen kasko mai zafi na ɗan ƙiftawar ido, gaba da baya, ya dai sha wuta kaɗan ba tare da ya gasu ba, kamar yadda kike yi wa fallen sambusa. Ki jera su cikin ƙyalle. A karkarar Turkiyya mata kan yi gayya a kan wannan aiki kafin sanyi ya shigo, gayyar da suke kira imeje: wasu na curawa, wasu na murzawa, wata na bakin wuta tana juyawa a kan wani faffaɗan ƙarfe mai suna saj. Su gasa fallen ya bushe, su jibge shi ya yi tsiri a ɗaki, ya yi watanni. Ran da ake bukata sai a yayyafa masa ruwa, a rufe, ya dawo da laushinsa.

Abin sawa a ciki ba shi da wuya a gare ki, tunda kin saba da sambusa. Sharaɗi biyu ne kawai: ya tsane, kuma ya huce. Niƙaƙƙen nama kwata ɗin kilo da albasa manya 2, a soya da gishiri da masoro har ruwan ya ƙone ƙurmus. Turkawa ba su cika yaji kamar mu ba, amma in kin jefa attaruhu babu wanda zai kai ki ƙara. In ganye ne, alayyafo zai tsaya a madadin nasu. Ki yanka, ki murje da gishiri, ki matse ruwan, ki soya sama-sama da albasa. Wanda suka fi yi kullum shi ne na cuku, wani farin cuku mai laushi da ake ajiyewa cikin ruwan gishiri, a marmasa shi da ganye mai ƙanshi. A nan ga wani abu da zai yi wa mutanen karkara daɗi. Talakan Turkiyya yana da cukunsa mai araha da ake kira cokelek, kuma ba komai ba ne illa nonon da aka cire wa mai. A ɗora shi a wuta marar ƙarfi har ya tsinke, a juye cikin ƙyalle a rataye ya tsane, a sa gishiri. Nonon da ake kawowa kasuwarku zai yi wannan aiki sarai. Ki haɗa shi da yankakken lawashi.

Saura gashi. Wanda ya fi suna a wurinsu shi ne su boreyi, wato borek na ruwa, wanda ake tsoma kowane falle a tafasasshen ruwa, a tsamo a sa a na sanyi, a tsane, kana a jera da man shanu. Yana da daɗi, amma ba da shi ake koyo ba, ki bar shi tukuna. Ki fara da na kasko, tava boreyi, wanda ba ruwansa da obin. Ki kaɗa ƙwai 2 da kindirmo gwangwani 1 da man gyaɗa rabin gwangwani. Ki shafe kasko mai kauri da mai, ki shimfiɗa falle guda bakinsa na zubowa waje. Ki shafa haɗin ƙwan, ki ɗora na biyu a ɗan cukurkuɗe, ki shafa, ki baza naman ko cukun, ki ɗora falle biyu kina shafawa, sa'an nan ki naɗo bakin na ƙasan ya rufe saman. Wuta kaɗan ake so, garwashin da ya fara yin toka ya fi harshen itace. Bayan kamar minti 12 zuwa 15 ƙasan zai yi ja. Ki kifa tire a kai, ki juye, ki ƙara ɗan mai, ki mayar da ɗaya gefen. In wuta ta yi yawa, waje zai ƙone ciki na ɗanye, kuma wannan ba ya gyaruwa. Mai obin kuwa sai ta jera a tire, ta shafe saman da sauran haɗin, ta barbaɗa riɗi da habbatus sauda kamar yadda suke yi, ta gasa a zafin digiri 180 na minti 35 zuwa 45. Idan an sauke a bar shi minti 10 kafin a sa wuƙa. Da shayi suke ci, ko da ayran, wato kindirmo da aka dama da ruwa da ɗan gishiri.

Akwai kuma wani da mutanen Tatar na Kirimiya suka kawo birnin Eskishehir, ana ce masa ci borek. Bahaushe zai zaci umarni ake ba shi, alhali kalmar a Turkanci ɗanye take nufi, don da ɗanyen nama ake cika shi a jefa a mai.

Batun riba, uwargida, gaskiya za mu faɗa miki. Na kasko abincin gida ne, ko na baƙi. Yana cin ƙwai da mai, kuma da ya huce armashinsa ya ragu. In don sayarwa ne, wanda zai karɓe ki shi ne sigara boreyi. Ana yanka falle gida-gida mai kusurwa uku, a sa ƙaramin cokali na haɗi a faffaɗan gefen, a lanƙwaso baki biyu, a naɗe siriri kamar karan sigari, a shafa ruwa a tsinin ya manne, a soya cikin mai mai zafi minti 2 zuwa 3. In kin raba kowane falle gida 6, rabin kilon nan zai ba ki guda 60, kuma abin da ke shiga cikin kowanne bai kai na sambusa ba. Ki riƙe sambusarki da mutane suka san ki da ita, ki ɗora wannan a gefen tire na kwana biyu ko uku, ki ƙidaya abin da kika kashe har da itace da mai, ki ga bakin masu saye. Na nama kuma kada ya kwana a wannan zafi namu in babu firji. Wanda kika naɗe da hantsi ki soya shi da la'asar, na cuku da na alayyafo ma haka.

Muna fatan za ki sake rubuto mana ki gaya mana yadda fallen ya fito a karo na uku. A gaida maigida da aikin rani, a gaida ƙanen namu matafiyi. Jama'a, a nan lokaci ya cim mana, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.