Karatun Bakin Iyaka: Jawabin Magatakardan Ƙungiya a Ranar Biki



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, ƴan uwana ƴan kasuwa, direbobi, dillalai, ƴan canji da ƴan kamasho, da baƙinmu da suka tsallako daga Jibiya da Katsina da Kano, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya.

Shugaba ya umarce ni in yi magana a kan horon da muke ba ƴan ƙungiya. Ni ba malami ba ne, karatuna bai wuce sakandare ba, kuma akwai waɗanda ke zaune a nan da suka fara bin hanyar Maraɗi zuwa Kano tun ba a haife ni ba. Abin da ya sa na karɓa shi ne littafin koke-koke a hannuna yake. Duk wanda aka tsare wa kaya, ko aka cuta a canji, ko aka mayar da motarsa, teburina yake fara zuwa. Daga wannan littafi zan yi magana, kuma zan fara da laifina.

Kun tuna horon da muka yi a zauren otal. Wata ƙungiyar waje ce ta kawo kuɗi, mu kuma muka kawo mutane. Kwana biyu ana haska rubutu a bango da Faransanci, wani yana fassarawa, mu muna gyangyaɗi cikin sanyin na'ura. Ni na rubuta sunaye, ni na raba kuɗin mota, ni na raba takardar shaida. A rahoto na rubuta cewa an yi nasara, domin zaure ya cika. Yau in na tambayi waɗanda suka halarta abu ɗaya da suka riƙe, na san naman kazar za a fara ambata.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne bayan watan Oktoba na 2024, lokacin da gwamnati ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Sanarwar ta iso ofis, na buga ta, na liƙa a allon bakin ƙofa, na ɗauka na gama aikina. Ba a daɗe ba wani yaro daga cikinmu, wanda ya fara juya nasa jarin bayan shekaru yana yi wa ubangidansa hidima, ya sayi wake a ƙauye ya nufi iyaka. Aka tsare kayan a hanya. Da ya zo wurina na ce masa, “Ba ka ga sanarwa ba?” Ya ce, “Malam magatakarda, na ga takarda a bango, amma wa ya karanta mini?” Yaron nan yana da takardar shaidar horonmu a gida. Rabin jarin kuma bashi ne. Ranar na gane cewa liƙa takarda daban, sanar da mutum daban.

Ku duba yadda hanyar nan ta yi ta sauyawa a ɗan lokaci. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A Disamban 2020 aka buɗe wasu, ciki har da Illela da Maigatari, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. A ƙarshen 2022 aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuka ga yadda tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, dole mutanen da ba su taɓa buɗe asusun banki ba suka koma karɓar kuɗi ta waya. Bayan 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A 29 ga Janairun 2025 kuma fitar Nijar daga CEDEAO ta tabbata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da sabuwar doka, sabuwar takarda, da sabuwar jita-jita. Iyayenmu sun koyi kasuwanci a gindin iyayen gidansu, ilimin kuma ya riƙe su shekara da shekaru. Mu abin da muka sani bara yana iya jefa mu cikin asara bana. Shi ya sa horo ya zama dole, kuma ba na kwana biyu a shekara ba.

To me muka sauya?

Mun daina zaɓar darasi daga ofis. Na buɗe littafin koke-koke na ware matsalolin da suka fi maimaituwa. Ba manyan yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa ba ne. Abubuwa ne irin su: wace takarda direba zai riƙe, wace mai kaya zai riƙe, kayan da aka hana fitarwa ko shigarwa a yanzu, yadda ake gane saƙon banki na ƙarya, lissafin naira da sefa, da yadda ake rubuta yarjejeniyar bashi da shaidu. Daga nan muka zaga tasha da rumfuna muna tambaya, “Me ya ci maka kuɗi a wannan wata?” Amsar da mutum ya bayar ita ce darasin mako mai zuwa.

Mun kuma kai karatun inda mutane suke, wato cikin salula. Ɗan kasuwa ba zai rufe rumfa ya zauna aji ba, amma zai saurari saƙon murya yana jiran a gama lodi. Sai dai a nan ma na yi kuskure. Saƙona na farko a WhatsApp ya kai kusan minti ashirin, na haɗa maganar takardu da ta canji da ta kuɗin ƙungiya. Wani dattijo ya kira ni ya ce, “Ɗana, wa'azi ka koma yi?” Tun daga nan muka kafa ƙa'ida: saƙo ɗaya, magana ɗaya, kada ya wuce minti uku. A fara da abin da ya sami wani, ba tare da faɗin sunansa ba. A faɗi inda kuskuren yake. A rufe da abu ɗaya da mai sauraro zai yi gobe da safe.

Ga misali, darasin saƙon banki. Muka ba da labarin mai albasa da aka nuna wa hoton shaidar biya a waya, ya saki buhuna, kuɗi ba su shigo ba har yau. Muka ce hoton da ke wayar mai saye ba shaida ba ne, ko saƙon da ya shigo wayarka ma ana iya ƙirƙirarsa. Abu ɗaya za ka yi: ka duba abin da ke cikin asusunka da kanka, ka ga ya ƙaru, sannan ka saki kaya. In hanyar sadarwa ta tsaya, kaya su tsaya tare da ita. Darasin ke nan gaba ɗayansa.

Haka na lissafi. Mu a nan da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, jikka ɗaya sefa 1,000. Yaron da ya zo daga Kano in aka ce masa “ɗari”, zai ɗauka sefa 100 ne, alhali 500 ake nufi. Can kuma in dattijo ya ce jaka, naira 200 yake nufi. Ku da kuka saba dariya za ku yi, amma a littafina akwai faɗan da ya kai ga raba abokan ciniki a kan wannan. Yanzu muna koya wa yara su maimaita adadi da alƙaluma, su faɗi ko naira ce ko sefa, kafin a ce an sallama.

Sai maganar wanda zai yi magana. Na lura in muryata ce, ana saurare ne don kunya. Amma da muka roƙi wani tsohon direba ya yi bayanin yadda ake tsayawa a shingen bincike, saƙon ya zaga har tashoshin da ba namu ba. Ya ce ka kashe mota, ka yi sallama, ka miƙa takardu a jere, kada ka ɗaga murya, in an ce ka biya ka nemi rasit cikin ladabi, ka riƙe sunan wurin da lokacin a ranka. Ba abin da ya faɗa wanda ba ya cikin takarduna, amma shi an san ya kwana a hanya. Saboda haka maganar canji ɗan canji ke yin ta, ta dabbobi dillalin kara, ta mata kuma hajiyoyinmu. Aikina kawai in tabbatar da abin da za a faɗa daidai ne kafin ya fita. In magana ta shafi doka, sai na taka na je na tambayi jami'an duwan ko na kwastan, na ga takardar da idona.

Lokacin turawa ma yana da muhimmanci. Ba ma tura darasi ranar Lahadi, mutanenmu suna kasuwar Jibiya, haka Alhamis masu dabbobi suna Maigatari. Bayan sallar isha'i ne aka fi saurare, sai muka tsaya a kan haka.

Amma ji kaɗai ba ya isa, gani ya kori ji. Shi ya sa sau ɗaya a wata muke shimfiɗa tabarma a tasha mu yi kwaikwayo. Wani ya zama jami'i, wani direba, wani mai kaya. A ajiye takardu na gaske a gaban yaro, a ce ya ware wadda za a fara tambaya. A miƙa masa waya da saƙon ƙarya da na gaskiya a ce ya bambance. Ana dariya, ana tsokana, amma wanda ya yi kuskure a kan tabarma, da wuya ya maimaita shi a Ɗan Isa. Kuma a nan ne muke gane inda bayaninmu bai fita ba, mu koma mu gyara.

Ba mu manta da marasa babbar waya ba, kuma mafi yawansu mata ne masu ƙaramin jari, waɗanda asarar buhu ɗaya ke durƙusar da su. Muna zuba darussan a katin waya, mu ajiye wurin masu caji a tasha, duk mai so a tura masa kyauta. A kowace unguwa akwai hajiya ɗaya da ke tara mata ta kunna musu, in suna da tambaya ta ɗauko muryarsu ta aiko. Sanarwar da za a liƙa kuwa yanzu da boko da ajami muke rubuta ta, domin da yawa daga waɗanda muke cewa ba su iya karatu ba sun yi allo, mu ne ba mu rubuta da abin da suka iya ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe. Kowane saƙon ƙungiya yana farawa da kwanan wata da sunan ofis. Dalili shi ne saƙon murya ba ya mutuwa. Maganar da take gaskiya a bara tana iya dawowa bana ana ta turawa, alhali dokar ta sauya. In ka ji saƙo babu kwanan wata, ba namu ba ne, kada ka yi lodi a kansa, kada kuma ka tura wa wani. In doka ta sauya, muna fitar da sabo mu ce ƙarara ya soke na rana kaza.

Ta yaya za mu san ana amfana? Ba da yawan waɗanda waya ta nuna sun buɗe saƙo ba, wannan daidai yake da cikar zauren otal. Ni littafina nake dubawa. In mun yi darasi a kan wata matsala, kuma koke a kanta ya ci gaba da zuwa kamar da, to darasin ne bai yi ba, sai a sake shi. Koken saƙon ƙarya ya ja baya sosai. Na bashi babu rubutu kuwa yana nan inda yake, domin har yanzu muna jin nauyin ce wa ɗan uwa a rubuta. Wannan ba na tsammanin waya za ta gyara shi, sai iyayenmu sun fara yi a gaban yara.

Ba zan ɓoye muku ba, horo ba ya maganin komai. Akwai wanda takardunsa suka cika, ya yi ladabi, duk da haka aka ɓata masa yini a hanya. Wannan aikin shugabanni ne su kai kuka inda ya dace, kuma kukan ya fi ƙarfi in mun zo da wuri da rana da rasit. Akwai kuma masu tambayata a asirce in yi darasi a kan hanyoyin daji. Ba za mu yi ba. Kun san halin da dazukan iyakar nan suke ciki, kuma ranar da aka san ƙungiya da koyar da fasa-ƙwauri, ranar ce za a daina sauraronmu a kowane ofis.

Ina da roƙo uku ga wannan taro. Na farko, a ware wani abu daga kuɗin wata-wata don horo, ko da na sayen katin waya da kuɗin intanet ne, domin zuwa yanzu aljihun mutum biyu zuwa uku ne ke ɗauke da shi, kuma bai kamata iliminmu ya jira sai baƙo ya kawo kuɗi ba. Na biyu, kowane ubangida ya saki yaransa awa ɗaya a wata su zo tabarma. Awar nan ba ta kai asarar mota guda ba. Na uku, iyayenmu dattawa, ku ba mu muryoyinku. Abin da kuka sani game da amana, da gane mutum, da haƙurin hanya, ba ya cikin kowace takarda. Zan zo har gida da wayata, minti uku kawai nake nema.

Yaron nan mai wake yana cikin zauren nan, kuma ya ba ni izinin ba da labarinsa. Bai gama biyan bashin ba tukuna, amma yanzu shi ke zagawa da katin darussa tasha-tasha. Da ya ji zan yi jawabi ya ce in faɗa muku, duk wanda ya ga takarda a bango bai gane ba, ya tsaya ya tambaya kafin ya ɗaure kaya.

In na yi kuskure a gafarce ni, yaro ne a gaban manya. Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, ya maimaita mana.