HAWAYE, MAI GADIN IDO



An nemi in yi ɗan bayani kan lafiya, ni kuwa na zaɓi hawaye. Yawancinmu ba ma tuna su sai ranar rasuwa ko ranar kai amarya, alhali ko yanzu da kuke saurarona idon kowannenmu jiƙe yake da su.

Mafarin hawaye wani ɗan ƙullutu ne da bai fi ƙwallon dabino ba, yana ƙarƙashin ƙashin gira ta wajen wutsiyar ido. Duk ƙiftawar da muka yi, fatar ido kan shimfiɗa ruwansa a kan ƙwayar ido. Shimfiɗar nan hawa uku ce. Ta ƙasa yauƙi ce mai manne ruwan da ido, ta tsakiya ruwa ne da gishiri, ta sama kuma maiƙo ne da ke fitowa daga gefen fatar ido don kada ruwan ya bushe da wuri. A cikin ruwan akwai sinadarin laisozayim mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda Alexander Fleming ya yi bayaninsa a Landan cikin 1922. Haka nan gilashin da ke gaban baƙin ido ba shi da jijiyar jini, ta cikin hawaye yake samun iskar da ke raya shi.

To, ina suke tafiya? In kun duba madubi, za ku ga 'yar ƙaramar kafa a gefen kowace fatar ido ta wajen hanci. Ta nan suke shiga wata 'yar jaka, su bi wani siririn bututu zuwa cikin hanci. Shi ya sa mai kuka ba ya rasa majina. Wasu jarirai da bututun a toshe ake haihuwarsu, ido ya yi ta ruwa, amma galibi yakan buɗe kafin su cika shekara.

Jama'a, mu mutanen Ruma, daga Batsari har Safana, wannan magana tamu ce. Ƙurar hunturu da hayaƙin itace suna busar da ido, busasshen ido kuwa yakan yi ta zubar da ruwa. Lokacin sussuka, ƙaiƙayi kan faɗa ido ya karce shi. Kada a murza, a wanke da ruwa mai tsabta. In zafi ko gani dishi-dishi ya kwana, sai asibiti. Ƙuda mai sauka a kwantsar yaro shi ke yaɗa amosanin ido, don haka a riƙa wanke wa yara fuska kullum. A ba su zogale, manja da mangwaro, domin rashin bitamin A yana busar da ido har ya makantar.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗiga ruwan sukari, fitsari ko ruwan ganye in apolo ya shigo gari. Apolo yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, amma waɗannan abubuwa suna iya kashe ido ɗungurum. Asibitin Ido na ECWA yana Kano tun 1943, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Mu da muka yi boko, mu ake tambaya a gida. Kowa ya kai wannan saƙo ƙauyensu. Allah ya kare mana ganinmu.