Sauya Tsarin Biyan Likitoci a Najeriya: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Watannin Tsakani?



Duk lokacin da aka tayar da maganar albashin likitoci a ƙasar nan, muhawarar takan tsaya ne a kan adadi: kashi nawa aka ƙara, nawa ƙungiya ta nema, nawa gwamnati ta ce za ta iya. Akwai waɗanda suka fi ni cancantar yin wannan muhawara a zauren nan. Ni abin da ya kawo ni shi ne watannin da ke biyo bayan sanarwa, daga ranar da aka sa hannu a takarda a Abuja zuwa ranar da kuɗin ya shiga asusun likita cif-cif. A cikin waɗannan watanni ake yin ɓarnar da ta fi yawa, kuma su ne ba a cika ware wa kuɗi ko ma'aikata ba.

Tun 2009 likitocin gwamnatin tarayya suke kan tsarin albashi nasu na kansu, wato CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya kuma suna kan CONHESS. Hanyar da kuɗin ke bi ita ma ta sauya. IPPIS, wanda aka fara a 2007 kuma ofishin Babban Akanta na Ƙasa ke riƙe da shi, an kawo shi ne don a toshe kafar ma'aikatan bogi, a riƙa biyan kowa kai tsaye daga Abuja bayan an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ban ga mai hankalin da zai ƙi wannan manufa ba. Kuɗin da ake biyan sunayen da babu mutum a bayansu, kuɗin magani ne da na gadon asibiti. Matsalar tana wajen yadda ake ɗauke mutum daga tsohuwar hanya zuwa sabuwa.

Shekarar 2021 ta ishe mu misali. A farkonta gwamnati ta karɓe ɗaukar sababbin likitoci masu aikin horon shekara ɗaya daga hannun asibitoci, ta miƙa wa Hukumar Kula da Likitoci ta Ƙasa, MDCN, har da biyansu. Dalilin mai kyau ne. Kafin nan yaro zai gama karatun likita ya zauna a gida yana jiran gurbi, wanda ba shi da kowa a sama ya fi kowa daɗewa. Amma da aka zo biyan kuɗi sai lissafi ya rikice. Gwamnati ta ce wasu asibitoci sun ɗauki fiye da adadin da aka amince musu, sunaye ba su dace da juna ba, matasan likitocin kuma suka shafe kusan wata uku suna aiki ba ko sisi. Ranar 1 ga Afrilu ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta tsunduma yajin aiki. A daidai wannan lokaci akwai wasu likitocin da ake biya ta wata hanyar da ake kira GIFMIS. Aka tsayar da biyansu ta can kafin a kammala shigar da su IPPIS, suka zama ba su ga tsuntsu ba su ga tarko.

An janye yajin Afrilu bayan kwana goma, aka sa hannu a yarjejeniya. Ranar 2 ga Agusta aka koma yajin aikin, wannan karon har farkon Oktoba. Ma'aikatar Ƙwadago ƙarƙashin Dakta Chris Ngige ta kai ƙara Kotun Ma'aikata, ta kuma ce ba aiki ba biya. Wata biyu manyan asibitocin tarayya suna tafiya a hannun manyan likitoci 'yan ƙalilan. Mu a Arewa mun san abin da damina ta 2021 ta zo da shi: amai da gudawa ya ci rayuka sama da 3,000 a ƙasar a wannan shekara, Bauchi da Kano da Jigawa da Sakkwato suna cikin jihohin da abin ya fi shafa, ga kuma korona ta sake dawowa. Ba ina cewa yajin aiki ne ya kashe mutanen nan ba. Ina cewa lokacin da aka fi buƙatar kowane hannu a asibiti, mun kwashe shi muna gardama kan jerin sunaye.

Ina so mu dubi abin kusa. Matashiyar likita ce a sashen gaggawa na yara, ta kwana tana sa wa jarirai ruwa, tana neman jini wa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye. Ƙarshen wata ya yi, abokan aikinta sun ga alat, ita shiru. Ta je ofishin albashi na asibiti, a ce mata sunanta ya tafi Abuja. Bayan makonni a gano cewa takardar ɗaukar aikinta ta ce Aishatu Muhammad, banki kuma ya rubuta Aisha Mohammed. Kowa a nan ya san yadda sunayenmu suke shan wannan wahala a hannun masu shigar da bayanai. Gyaran bai fi na minti biyar ba ga wanda ke zaune gaban kwamfuta, amma ba ta san wane ne shi ba, ba ta da lambarsa, kuma ba mai riƙe mata ɗakin marasa lafiya idan ta hau mota zuwa Abuja. Mai gidan haya yana jira. Sai ta fara karɓar aikin dare a asibitin kuɗi bayan ta tashi daga nata, ta dawo da safe idanu sun yi ja. Uwar da ta kawo ɗanta da safiyar nan ba ta san akwai IPPIS ba, amma gajiyar da ke jikin likitar a kan ɗanta za ta sauka.

Sauran sauye-sauyen da suka biyo baya hanya ɗaya suka bi, don haka ba zan daɗe a kansu ba. Alawus ɗin haɗari ya yi shekara da shekaru a kan naira 5,000 a wata. A Disambar 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin 32,000 da 40,000 ga likitoci, sai kuma aka shiga jiran ariyas. A 2023, bayan cire tallafin mai, an yi ƙarin kashi 25 da kashi 35 a kan CONMESS, amma har 2025 ariyas ɗin wannan ƙari yana cikin buƙatun NARD. Kuɗin horon masu neman ƙwarewa yana da doka sukutum a bayansa, duk da haka sau da yawa sai an yi barazanar yajin aiki kafin ya fito. A tsakiyar 2025 kuma Hukumar Albashi ta Ƙasa ta fitar da takardar sake fasalin alawus-alawus, ƙungiyar likitoci ta NMA ta ce ba a shawarce ta ba, ta ba da wa'adin kwana 21.

Akwai wani ɓangare da ya fi damun jihohinmu. CONMESS na tarayya ne, kowace jiha ita ke yanke ko za ta bi, da kuma yaushe. Duk ƙarin da Abuja ta yi, tazarar da ke tsakanin likitan jiha da na asibitin koyarwa takan ƙara faɗi nan take. Likitan babban asibitin ƙaramar hukuma, wanda wataƙila shi kaɗai ne a garin, sai ya fara neman gurbi a asibitin tarayya na babban birni, na can kuma yana shirin jarrabawar tafiya Ingila ko Saudiyya. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, waɗanda suka rage kuma kimanin 55,000 ne. Ƙauye ne ke fara rasa likita, shi ne kuma ƙarshen samun madadi.

Wata ƙasa ta yi abin da ya dace mu duba. A 2015 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira MACRA, wadda ta sauya yadda shirin Medicare na kula da tsofaffi ke biyan likitoci, aka ɗaura wani kaso na kuɗin a kan ingancin aiki. A cikin dokar kanta aka ware dala miliyan 20 kowace shekara har shekara biyar, don a taimaka wa ƙananan asibitocin da ma'aikatan lafiyarsu ba su wuce 15 ba, musamman na karkara, su fahimci sabon tsari su cike takardunsa kyauta. A shekarar farko, 2017, wanda ya miƙa ko ɗan bayani kaɗan ya tsira daga yankan kuɗi, kuma sakamakon bai taɓa aljihun kowa ba sai 2019. Tsarin yana da nasa aibu, har hukumar da ke ba majalisarsu shawara kan Medicare ta nemi a soke babban ɓangarensa a 2018 saboda nauyin takardu. Ba tsarin nake so mu kwaso ba. Abin da nake nunawa shi ne sun lissafa wahalar sauyi a matsayin kuɗin da gwamnati za ta biya, suka rubuta shi a doka tun kafin a fara.

Abu na farko da nake nema, kuma shi ne mafi girma: kada a cire sunan likita daga tsohuwar hanyar biya sai albashinsa na farko ya shiga ta sabuwa. Idan an biya wani sau biyu bisa kuskure, cirewa daga baya abu ne mai sauƙi, tunda ma'aikacin gwamnati ne kuma albashinsa a hannunta yake. Wata uku ba albashi kuwa ba a mayar wa mutum da su, ko an biya ariyas, domin ya riga ya ci bashi, wani ma ya riga ya aika takardunsa waje. Da wannan ƙa'ida ɗaya da yajin Afrilun 2021 ya rasa babban dalilinsa.

Bayan haka, kowace takardar ƙarin albashi ta fito da ranar fara biya da layin kasafin da kuɗin zai fito. Idan babu kuɗin a kasafin bana, a faɗa a fili, a sa ranar da za a iya cikawa. Likitoci sun fi jure jiran da suka san ƙarshensa. Kowane asibitin tarayya kuma ya samu jami'i ɗaya da aka ba ikon gyara suna da lambar asusu da matakin albashi daga inda yake, cikin kwanakin da aka ƙayyade, a liƙa sunansa da lambar ofishinsa a allon sanarwa. Kafin a ƙaddamar da sabon tsari a ƙasa baki ɗaya, a gwada shi wata biyu ko uku a asibitoci kaɗan. Kwamishinonin lafiya da na kuɗi na jihohi su zauna a teburin tun farko, domin ƙarin da ake yi ba da saninsu ba nasu asibitocin yake kwashe wa likitoci.

Shugabannin asibitoci da ƙungiyoyi su ma suna da nasu nauyin. Shugaban da ya ɗauki ma'aikaci ba da izini ba, ko ya aika jerin sunaye da kurakurai, shi ya kamata a tuhuma, kada a bar yaron da ya fito daga makaranta jiya ya biya da albashinsa. Rassan NMA da NARD a jihohinmu kuma su riƙe rajistar duk wanda albashinsa ya tsaya, da ranar da ya tsaya da dalili, su riƙa miƙa ta kowane wata tun abin bai kai ga wa'adi ba. Ƙungiyar da ta shiga tattaunawa da sunaye da ranaku a hannu ta fi wuyar kaucewa.

Ina roƙon wakilan Ma'aikatar Lafiya da na majalisa da ke cikinmu su ɗauki ƙa'idar farko, ta hana cire suna kafin biya, su sa ta a rubuce cikin yarjejeniyar da za a yi nan gaba, kafin a sake taɓa albashin likita ko ɗaya.