Jawabi ga jama'ar Korahane: ƙusa da ke zama mayen ƙarfe



A ƙasar Dakoro ruwa yana da nisa, rijiyoyi suna da zurfi. Inda aka gina furaji, fanfo ne ke jawo ruwa. Yau za mu ga abin da ke juya injin fanfo, don mu san yadda za mu kiyaye shi.

Kun san mayen ƙarfe, wanda ke kama allura. To, ana iya yin sa da wutar lantarki, wadda muke ce ma kuran. Ku sami ƙusa babba, da siririyar waya ta jan ƙarfe mai riga, da pil ɗaya na cocila. Ku naɗe wayar a jikin ƙusa sau 40. Ku feƙe bakunan wayar biyu, ku ɗora ɗaya a kan pil, ɗaya a gindinsa. Nan take ƙusa za ta kama allura. Ku ɗauke wayar, ƙarfin ya tafi. In an ƙara naɗi, ƙarfi ya ƙaru. Kada ku daɗe, wayar tana zafi. Kada kowa ya gwada da batirin mota ko kuran na gida!

Wani Bature na Ingila, William Sturgeon, shi ya nuna wannan dabara a 1825. Ƙarfensa mai nauyin giram 200 ya ɗaga kilo 4.

Irin wannan naɗi yana cikin lasifikar rediyo da ta masallaci. Yana cikin injin fanfo kuma. Wutar da allunan hasken rana ke bayarwa tana shiga naɗin, ya zama mayen ƙarfe, ya juya inji, ruwa ya hau.

Wayar naɗin tana da shafi siriri. In inji ya yi zafi ƙwarai, shafin ya ƙone, wayoyi su haɗu, inji ya mutu. Ruwa ne ke sanyaya injin da ke cikin furaji. Saboda haka kada a bar fanfo yana juyi babu ruwa. In ya tsaya da kansa, kada a haɗa waya don a tilasta shi. A gaya ma kwamitin ruwa, a kira mai gyara. Sabon inji tsada gare shi, kafin a same shi kuma mata da dabbobi ne ke shan wahala.

Allah ya ba mu damina mai albarka.