Jawabi Kan Shigar da Takardun Ƙara ta Intanet ga Wanda Ba Shi da Lauya

 

An umarce ni da in yi tsokaci kan al'amarin da ya shafi da yawa daga cikinmu mazauna birane, waɗanda rikicin bashi, ko na haya, ko na fili kan kai su gaban alƙali alhali ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Doka ba ta hana mutum tsayawa da kansa ba. Ƙananan kotunan bashi da Legas ta buɗe a 2018, Kano kuma a 2019, an tsara su ne domin talaka ya iya yin hakan.

A yau wasu manyan kotuna, musamman a Legas, suna karɓar takardu ta intanet, kuma tun bayan annobar korona ta 2020 wannan hanya take ƙara yaɗuwa. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda da hujjar da aka fitar daga kwamfuta bisa sharuɗɗa, sannan gyaran da aka yi mata a 2023 ya halatta rantsuwa da sa hannu ta na'ura.

Sai dai jama'a, na'ura ta rage mana tafiya ne kawai, ƙa'idojin kotu suna nan daram. Da farko, a je wurin rajistara a tambaya ko kotun tana karɓar takarda ta wannan hanya, domin galibin kotunan shari'a na gida da takarda da baki suke aiki. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, tura takarda ba shi ne shigar da ita ba. Sai an tantance kuɗi, an biya, an sami rasit da lambar ƙara. A buga su, a adana.

Na uku, shigar da ƙara daban, isar da sammaci ga abokin shari'a daban. Idan sammaci bai isa gare shi yadda doka ta tanada ba, ana iya rushe hukuncin baki ɗaya.

Na huɗu, a kiyaye wa'adi. Mai son ɗaukaka ƙarar da ba ta laifi ba daga Babbar Kotu yana da wata 3 bayan hukuncin ƙarshe, kwana 14 kuwa idan ƙwarya-ƙwaryan hukunci ne. Wanda ya jira ranar ƙarshe, ɗaukewar wuta kaɗai ta isa ta jefa shi roƙon ƙarin lokaci, kuma alƙali na iya ƙi.

Kada kuma a bar wa mai shagon kwamfuta lambar sirri ta imel, domin ta nan sanarwar zaman kotu kan zo. Wanda abin ya fi ƙarfinsa, ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa da aka kafa a 1976.

Ina roƙon ƙungiya ta zaɓo lauyoyi daga cikin 'ya'yanta, su riƙa duba takardun 'yan'uwa kafin a tura. Allah Ya raba mu da zalunci, Ya albarkaci garinmu. Wassalamu alaikum.