Labarin Badagari, Garin Bakin Teku: Jawabi Ga Taron Tunawa Da Ma'aikatan En'e A Tsaskiya

Badagari wani ɗan gari ne a bakin teku, yamma da Ikko da tafiyar kamar mil 40, dab da iyakar ƙasar da a da ake kira Dahomi. Mutanensa na asali Egun ne da Yarabawa, sarautarsu kuwa Akran. Garin yana bakin wani ruwa kwantacce, tsakaninsa da babban teku akwai tudun rairayi, saboda haka jiragen kwalekwale suka sami mafaka, kasuwa ta kafu.

A ƙarni na 18 arzikin garin bayi ne. Daga Oyo ake koro su, a sayar wa Turawa, a ƙetare da su. Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa har da Hausawa masu yawa, waɗansu suka ƙare a Bahiya ta ƙasar Barazil. Amma arzikin da aka gina bisa zalunci ba ya rasa mahassada. A 1784 rundunar Dahomi ta faɗa wa garin, ta ragargaza shi.

Ya sāke farfaɗowa, har ya zama ƙofar shiga ƙasa. Nan Kyaftin Clapperton ya sauka a 1825, ya bi ta Oyo da Busa da Kano zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a 1827. Nan kuma 'yan mishan suka sauka a 1842, suka gina bene a 1845. Ciniki ya juya daga bayi zuwa manja.

To, sai ƙaddara ta sāke juyawa. A 1851 yaƙi ya tashi cikin garin a kan rigimar sarautar Ikko, aka ƙone shi da yawa. Ingilishi suka karɓi Ikko a 1861, suka haɗa da Badagari a 1863. Manyan jiragen ruwa suka koma Ikko, hanyar jirgin ƙasa ma daga can ta tashi, ta haɗu da Kano a 1912. Fatake ba sa bin tsohon suna, hanya suke bi. Badagari ya koma garin masunta da manoman kwakwa, bai sāke ɗagowa sosai ba sai da aka shimfiɗa masa babbar hanyar mota daga Ikko.

Mai hankali zai ce, ina ruwan mutumin Tsaskiya da teku? Amsa ita ce, abin da ya sami Badagari ya sami Katsina. Bayan jihadi, yaƙi da Maraɗi ya hana fatake sakewa, ciniki ya koma Kano. Da Barth ya zo a 1851, ya tarar da yawancin cikin birni kango ne. Ƙasar Ruma ita ce bakin daga, mutane ba su iya noma nesa da ganuwa. Sai da hari ya ƙare bayan 1903 talakawa suka bazu, suka sari daji, kasuwanni suka cika. Sa'an nan aikin En'e ya kankama, watau ƙidayar haraji da jangali, da gyaran hanya, da haƙa rijiya, da zaman alƙali, har aka rushe tsarin a 1976.

Waɗanda suka yi wannan aiki sun san gari abu biyu ke rayar da shi, aminci da hanya. Da ɓarayin dajin Rugu suka matsa wa ƙasar Batsari da Safana a 2019 da 2020, an ga ƙauyuka sun watse, gonaki sun koma saura, kamar zamanin harin Maraɗi. Saboda haka wanda duk aka danƙa wa amanar jama'a, kada ya raina rahoton mai unguwa, kada ya bar gada ta karye har damina ta wuce, kada ya karɓi abin da doka ba ta aza wa talaka ba. In manomi ya tashi, mai karɓar haraji ba shi da wurin zuwa.

Iyakar jawabin ke nan. Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.