Ciwon Sharaɓa Ga Masu Gudun Safe

  Yau shirinmu na lafiyar jiki zai yi magana ne da masu fitowa gudu a Tamale bayan sallar asuba, wasu su bi titin Bolgatanga, wasu su nausa har filin wasa na Aliu Mahama, wanda aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008. Kukan da ya fi yawa a bakinsu shi ne, "Sharaɓata ta ɗaure," ko "Bayan ƙwaurina kamar zai tsage."

Sharaɓa, wato dambubu, manyan tsokoki biyu ne da suka haɗu a jijiyar agara, ita kuma ta kama dunduniya. Su ne ke tare nauyinka idan ka taka ƙasa, su ne kuma ke cilla ka gaba. A lokacin gudu, ƙarfin da ke sauka kan agara yakan ninka nauyin jikinka sau shida ko fiye, a kowane taku. To ɗan'uwa, ka shekara kana kan babur daga gida zuwa kasuwar Aboabo, rana ɗaya ka ce sai ka jera da samarin da suka saba. Tsokar nan ba ta shirya wa wannan kaya ba. Yawancin ciwon sharaɓa daga gaggawa yake.

Hanya ma tana da nata laifi. Kwalta ba ta da sauƙi ga ƙafa, gefenta kuma a karkace yake domin ruwa ya gangara, sai ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta aiki. Hanyoyin jar ƙasa na cikin unguwa sun fi laushi, amma akwai ramuka da tsakuwa. Ga takalmin gwanjo da dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya. Ga sanyin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da tsoka ke tashi a sandare. Ga zafin Maris da Afrilu da kan kai maki 40, gumi ya tsiyaye, gajiya ta zo da wuri.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ciwon ba iri ɗaya ba ne.

Akwai tsamin jiki. Shi yakan zo washegari, ya tsananta a kwana na biyu ko na uku, yawanci ƙafa biyun duka, sannan ya lafa da kansa. Tafiya a hankali tana sassauta shi.

Akwai ɗaurewar tsoka, ka ji ta dunƙule ta yi tauri ana cikin gudu. Tsaya, ka miƙe ƙafar, ka jawo yatsu wajen ƙwauri har ta saki, ka sha ruwa.

Akwai yagewar tsoka. Ita farat ɗaya take zuwa, kamar an jefe ka da dutse daga baya, har ka waiwaya ka ga ba kowa. Idan haka ta faru, gudun ranar ya ƙare. Naɗe daskararren fiya wata a tsumma, ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka jingine ƙafar a sama. Kada a murza da ƙarfi, kada a gasa da ruwan zafi a kwanakin farko, domin kumburin zai ƙaru. In ka kasa ɗagawa a kan yatsu, mai yiwuwa agarar ce ta tsinke. Wannan aikin likita ne.

Sai nau'i biyu da ba a wasa da su. Idan sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi a taɓi, ba tare da ka ji rauni ba, musamman bayan doguwar tafiyar mota daga Accra, ko jinya, ko haihuwa, yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. Tausa na iya tura shi zuwa huhu. A tafi Asibitin Koyarwa na Tamale a ranar, in kuma numfashi ya fara sarƙewa a kira lambar gaggawa ta 112. Haka nan iyayenmu masu ciwon sukari ko hawan jini, da masu shan taba: idan ciwo na zuwa duk lokacin tafiya, ya ɗauke da an tsaya, a je a duba gudanar jini.

Ga mai son ya kauce wa duk wannan, ya fara da tafiya mai sauri ta minti 10 kafin gudu. Sabon shiga ya riƙa gauraya gudu da tafiya, kwana uku a mako, da hutu a tsakani. Ya ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. A gida, dafa bango ka ɗaga dunduniya sau 15, ka huta, ka maimaita har sau uku. Mai azumi kuma ya bari sai bayan shan ruwa.